Gefen Idon Inna

Tun ranar da na dawo na buɗe shagon ɗinkina a Madawa ban sami sakat ba. Duk wanda ya leƙo, kafin ya gama ce mini ina gajiya sai ya ɗora da yaya Kano. Abokan shayina sun fi kowa naci. Wannan yana son ya ji ko yadi ya fi araha a can, wancan yana son ya ji ko da gaske mota tana bi ta saman mota a kan gada. In na ce musu ban ga abin kirki ba, sai su ce rowar labari nake yi. To ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi ɗinkin mutane.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Inna na kai asibiti. Sunana Salihu, ni ne ɗan farinta, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta dubansa ido cikin ido. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Gida ɗaya muke a Tabotaki, ƙofa ɗaya muke shiga, amma ɗakin Inna ya fi mini birnin Tawa nisa. "Wanga" take ce mini. In na durƙusa gaishe ta, sai ta mai da fuska wajen rumbu ta amsa wa rumbun. Na girma, na tafi bida, wato cirani, Abijan na daɗe, na dawo na yi aure na haifi nawa, furfura ta fito mini a gemu, ban taɓa ganin tsakiyar idon uwata ba. Ban ce ta ƙi ni ba. Tsokar da ta fi kyau a tukunya kullum takan san hanyar kwanona. Amma zan faɗa ba tare da kunya ba: tun ina yaro nake so matar nan ta ɗaga kai ta dube ni, ko sau ɗaya.

Rabi, autarmu, ita ta kira ni a waya tana kuka. Ita ce 'yar lelen Inna, wadda har ta yi aure kan cinyarta take kwanciya.

"Yaya, Inna na hushi da ni, ban san mi na yi mata ba," ta ce. "Irin kallon da taka yi maka, shi taka yi min yanzu. In na yi magana sai ta kau da kai."

Na je na gani da idona. Inna ta mai da kowa ɗan fari. Maƙwabciya za ta shigo, ba za ta san ko wace ce ba sai ta yi magana. Ta tsince wake ta bar tsakuwa a ciki. Zare da allura kuwa an daɗe da rabuwa. Amma muna zaune ana jajanta mata, sai ta yi tsawa ta jefi wata akuya da takalmi, akuyar da ta lallaɓo ta bayan turmi, mu masu lafiyar ido ba wanda ya gan ta. Shirwa ba ta isa ta sauko kan 'yan tsaki ba Inna na tsakar gida. Nan fa bakin mutane ya buɗe. Wasu suka ce tana gani sarai, so take a riƙa lallashinta. Wasu tsofaffi suka ce iskokin gidan kakanninta ne suka waiwayo ta, don dangin babanta ba su daɗe da barin tsafi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Sai majo na asibitin Buza, babban malamin jinya ke nan, ya haska idon ya ce ba yanar ido ba ce, abin yana can ciki, a nemi inda ke da na'ura. Alhaji Nomau, wani mutumin Urno da ke dillancin albasa a Kano, ya aiko cewa mu zo, akwai masu duba ido na gaske kuma akwai ɗaki.

Wa zai kai ta? Rabi tana jego. Ƙannena maza biyu suna wajen bida, ɗaya Libiya ɗaya Legas. Da aka gaya wa Inna ni ne, ta murza bakin zanenta, sannan ta tambayi rumbu: "Ba wani?"

Babu wani. Ranar kasuwa muka kama motar Madawa.

Kun san duwatsun ƙasarmu. Daga ƙofar gida zuwa inda mota ke tsayawa ni na yi tuntuɓe sau biyu ina ƙoƙarin nuna mata hanya, ita ko sau ɗaya ba ta yi ba. Direba ya ga tsohuwa ya ba mu gidan gaba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na zauna kafaɗa da kafaɗa da Inna. Ba ta bari abin ya yi nisa ba. Ta ɗauko ƙullin garin furarta ta dasa shi tsakaninmu, ta mai da fuska taga. Haka muka sha gargada har Madawa, ni da ƙullin muna gogayya, ita tana hira da direba kan yadda daminar bana ta yi wa mutanen Kaita.

Muka kwana gidana. Da safe na sayi kilishi na guzuri da na tsarabar mai masauki, muka hau babbar mota zuwa Maraɗi, daga can muka sake ƙarama mai zuwa Katsina. A cikinta Allah ya haɗa mu da Hajiya Mariya, 'yar Azarori mai fataucin tabarmi. Ban taɓa ganin mai baki irin nata ba. Kafin mu kai Ɗan Isa ta ba Inna maganin ido ya fi a ƙirga: zuma, tozalin Makka, nonon mai jego, ruwan da aka wanke sabuwar ƙwarya da shi. Ta cinye mini rabin kilishi tana cewa ai na Madawa ya lalace, ba kamar na da ba. Raina ya ɓaci da ita, ban san ita za ta fitar da ni kunya ba.

A iyaka aka ce kowa ya sauko da katinsa. Wani jami'i matashi ya karɓi nawa da na Inna. Katinmu da Faransanci yake, shi kuwa ba shi ya karanta ba, sai ya jujjuya su ya dubi Inna.

"Mama, wannan wane ne naki?"

"Tare muke," in ji Inna.

"Na ga tare kuke. Ɗanki ne?"

Inna ta dubi tayar mota. "Ɗan mutane ne."

"To mene ne sunansa?"

"Shina da baki. Tambaye shi."

Fuskar jami'in ta canza. Ya ja ni gefe ya ce in faɗa masa gaskiya, nawa na ba danginta suka ba ni aronta, don sun gaji da masu kwaso tsofaffi marasa gani daga ƙauye suna kai su birni bara. Ni, Salihu, mai shago da keken ɗinki uku! Jini ya hau mini kai. Na fara ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, direba yana ta ba ni haƙuri yana cewa za a bar mu a nan. Sai ga Hajiya Mariya ta ratso mutane tana gyara mayafi.

"Kai ɗan nan," ta ce wa jami'in, "a ɗakinku kai ne na nawa?"

Ya yi turus. "Na uku."

"Shi ya sa. To babban wanku, ka taɓa jin tsohuwarku ta kira sunanshi?"

Ya tsaya kamar mai lissafi, sai ya fashe da dariya har yana dafa mota. Ya ce wallahi har yau "mai sunan malam" take ce masa, ko a waya. Ya miƙo katunan da hannu biyu, ya ce Mama ta yafe masa, Allah ya ba da lafiya. A mota aka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma "ɗan mutane" ɗin nan ya tsaya mini a ƙirji, har muka shiga Katsina bai sauka ba.

Kano muka isa rana na shirin faɗuwa. Abin da zan iya gaya muku game da garin shi ne ƙara. Kowa yana sauri kamar an ce gidansa na ci da wuta, ga 'yan kekunan nan masu ƙafa uku, a-daidaita-sahu, suna fitowa ta inda ba ka zata ba. Na sauko na ɗora kaya a ka, ina cewa Inna ta bi ni a hankali, ina jin kaina jagora. Sai na ji an fizgi gefen rigata da ƙarfi.

"Wanga, kauce!"

Babur ne ya wuce ta daidai inda ƙafata take. Ni mai ido biyu ban gan shi ba. Ta saki rigar nan da nan kamar ta taɓa garwashi, muka ci gaba da tafiya.

Gidan Alhaji Nomau zango ne na mutanen Adar. Duk wanda ya zo asibiti ko ya kawo albasa nan yake sauka, zauren cike da buhuna da tabarmi da mutanen da ke tambayar labarin gida. Ni aka ba ni wuri a zaure, Inna aka shigar da ita wajen matarsa Hajiya Bilki, Bakanuwa mai fara'a. Sun yi mana karamci, Allah ya saka. Sai dai abincinsu sai su. Shayinsu ruwan madara ne a babban kofi, a shanye a tashi, ba zaman jiran na ɗaya da na biyu da na uku. Ruwan sha a leda yake, ka huda da haƙori. Gurasarsu da ƙuli na yaba, ba zan yi ƙarya ba. Amma da aka kawo wa Inna fura da aka dama da inji, an zuba sukari da ƙanƙara, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye.

"Wagga hura ce ko maganin tari?"

Ta kwance ƙullinta ta dama tata da hannu. Matan gidan suka kewaye ta suna sa ta magana don su ji "munka" da "sunka" su yi dariya, ita kuma tana ce musu su ne Hausarsu ta sha ruwa.

Washegari na shiga cikin gida gaishe ta, na tarar da abin da ya fi gada ba ni mamaki. 'Yar farin Hajiya Bilki ta zo daga gidan mijinta. Uwar ta kira ta da sunanta, gatsal, Zainab, ta rungume ta a gaban kowa, ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana dubawa tana cewa ta rame. Daga nan ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta kama yi mata kitso. Inna tana kan tabarma, fuskarta wajen bango.

"Ta farin ce?" ta tambaya a hankali.

"Ita ce, Mama," in ji Hajiya Bilki. "Mu yanzu mun daina wannan kunyar. Abin da ka sha wuya ka haifa, ka ƙi kallonsa don me?"

"Lalle duniya ta zo ƙarshe," in ji Inna.

Aka yi dariya. Amma ni da na san yadda Inna ke gani yanzu, na lura ba ta juya daga bangon nan ba har aka gama kitson, kuma furar da ke gabanta ba ta taɓa ta ba.

Asibitin idon ba zan gajiyar da ku da layinsa ba. Mun je da sassafe mun sami mutane kamar ranar kasuwar Tabotaki, har da 'yan ƙasarmu da yawa. Aka ɗiga wa Inna magani a ido, aka sa ta ɗora haɓa a kan wata na'ura, aka ɗauki hoton cikin idon. Sai bayan azahar muka shiga wajen likita, mace ce, ba za ta girmi Rabi ba. Na so in raina ta, sai na ga yadda ta durƙusa ta gaida Inna kafin ta zauna.

"Mama, in kin dubi mutum, me kike gani?"

"Ina ganin kahwaɗu, ina ganin riga. Kan ne babu."

"Baƙi kike gani a wurin?"

"A'a. Kamar an shahe shi da tsumma. Bangon da ke bayanshi shi ka cike wurin."

Likitar ta gyaɗa kai. Ta ce ƙwaƙwalwa ba ta son ta bar rami, sai ta cike shi da abin da ke kusa. Wannan na gane shi nan take, don haka nake yi wa rigar da ta ƙone, in nemo ƙyallen da ya fi kusa da launinta in yi faci.

Ta juyo mini da hoton. Cikin idon ja-ja ne kamar cikin kabewa, a tsakiya akwai wani ɗan wuri da ya koɗe. Ta ce ido ɗauko saƙo kawai yake yi, ainihin gani a cikin kai ake yinsa, can wajen ƙeya, kuma hanyoyin da ke kai saƙon ba aikinsu ɗaya ba. Ɗan wurin nan na tsakiya, duk ƙanƙantarsa, shi aka ware wa fili mafi girma a ƙwaƙwalwa, domin shi ke aikin ƙanana: ramin allura, rubutu, tsakuwa cikin wake, da fuskar mutum. Gefe kuwa ba ruwansa da ƙanana. Aikinsa ya san akwai abu, a ina yake, ina ya nufa. Abu yana motsawa zai kama shi kafin tsakiya ta waiwayo.

Na ce mata ni dai gefen idona lafiya lau yake ganin komai. Ta yi murmushi ta ce in kafa ido a kan yatsanta kada in ɗauke. Ta ɗaga wata takarda a gefen kaina ta ce in karanta. Wallahi ina ganin akwai rubutu, manya ma, amma haruffan sun cunkushe sun hau kan juna, ko ɗaya ban iya cirewa ba. Sai ta ɗan kaɗa alƙalami can bayan takardar, na gan shi tun kafin in yi niyya.

"Ka gani?" ta ce. "Haka fuska take zama a gefe. Ido da hanci da baki su haɗe wuri ɗaya. Ka san mutum ne, ka san tafiyarsa, amma ba ka samun fuskar."

Ta ƙara da cewa ko a gefen ma, yawancin mutane sashen ƙasa ya fi na sama ƙwari, don nan hannu ke aiki, nan ƙafa ke takawa. Na tuna duwatsun Tabotaki da tuntuɓena biyu, da akuya, da babur. Ashe ba iskoki, ba kuma neman lallashi. Na ji haushin duk wanda ya ce Inna tana gani sarai, har da ni da na ɗan yi zargin haka a raina.

Sai na yi tambayar da ta kawo mu. Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce irin wannan na tsufa ne, wurin ya riga ya bushe, ba aikin da za a yi, tabarau ma ba zai dawo da shi ba. Amma ta ce Mama ta kwantar da hankalinta, duhu ba zai rufe ta gaba ɗaya ba, gefen zai zauna da ita. Abin da ya rage shi ne a koya mata yin aiki da shi: in tana son ganin abu, kada ta dube shi, ta dubi kusa da shi.

"Malam, tsaya can jikin bango. Mama, dubi fuskarsa tukuna."

Inna ta dubi ƙasa. Likitar ta zaci ba ta ji ba, ta maimaita da ƙarfi. Inna ta ƙara sunkuyar da kai.

"Likita," na ce, "ni ne na fari."

"Au! Yi haƙuri, Mama. To kada ki dube shi. Dubi agogon can na bango, sama da kafaɗarsa. Yawwa. A hankali za ki saba, da farko yana da wuya. Me kike gani?"

Inna ta kafa ido a kan agogo.

"Ɗiyata, wagga koyarwa ba ni bukatarta. Haka ni ka ganinshi tun shina rarrahe."

Likitar ta yi dariya. "To faɗa mini."

"Kahwaɗar dama ta hi ta hagu sauka, tun da ya kama keken ɗinki. In ranshi ya ɓaci da diddige shi ka taka ƙasa, tun daga zaure ni ka sani. Da ya dawo Abijan ya ce ma kowa lahiya lau, ni na ga yunwa ga tahiyarshi. Ga shi nan yanzu ya cire hula shina murza ta. Haka shi ka yi in kuka ya zo mai shina ƙi."

Na dubi hannuna, ga hula a murɗe. Ban san lokacin da na cire ta ba.

"Fuskarsa fa, Mama?" in ji likitar.

Inna ta jawo mayafinta ta gyara. "Mu tahi, mun tsai da mutane."

Na ce zan nemo ruwa, na fita na tsaya bayan wata mota har na sami kaina. Masu tambayata gada, a wannan ranar muka bi ta kanta, kuma ban ɗaga kai ba.

Ba mu ƙara kwana da yawa ba. Alhaji Nomau ya so mu tsaya a gwada wani asibitin, Inna ta ce a'a, ta ji abin da ta zo ji, kuma jikanta jariri, ɗan Rabi, yana jiranta. Hajiya Bilki ta ba ta turare da atamfa. Dawowa ba abin labari. A iyaka ba mu sami jami'in nan ba, wanda muka samu ko ɗaga kai bai yi ba. Ƙullin fura ya ƙare, don haka ba abin da ke tsakaninmu a kujera, sai ta sa takalmanta a wurin. Daga Kano har Madawa maganar da ta yi mini ba ta wuce ta alwala da ta salla ba. Na ce a raina shi ke nan, an je an dawo, kowa ya koma inda yake.

Tsakanin Madawa da Buza taya ta fashe. Direba ba shi da ta canji mai kyau, ya hau babur ɗin wani ya koma neman faci. La'asar ta yi, fasinjoji suka gangara wata rijiya da ke can ƙasan tudu don alwala. Mu muna da ruwa a buta, muka yi sallarmu a gindin wata aduwa. Na shimfiɗa mata atamfar ta zauna, ni na koma gefe kan dutse kamar yadda na saba.

"Wanga."

"Na'am, Inna."

"Akwai kowa kusa?"

"Babu. Duk sun tafi rijiya."

"Zo nan gabana. Inda rana ta ka haskawa."

Na zo na durƙusa kamar yaron da aka kira a yi masa hukunci. Inna ta ɗaga kai ta dube ni, kai tsaye, ido cikin ido. Idanunta ba baƙaƙe ba ne kamar yadda na ɗauka duk rayuwata, ruwan ƙasa ne, da zobe fari-fari a kewaye. Akwai ɗan tabo a fatar idon hagu wanda ban taɓa sanin da shi ba. Ta daɗe tana dubawa. Ni kuwa na riƙe numfashi, na ƙi ko ƙiftawa, kamar in na tsaya cak abin zai yiwu.

"Sun ce kamannin babana gare ka," ta ce. "Tun kana cikin tsumma sunka ce. Na ce bari, in na tsuhwa kunya ta sake ni, in zauna in dube ka in ƙoshi."

"To ga ni, Inna."

"Na sani. Ga riga. Ga kahwaɗa." Ta ƙara dubawa. "Ga iccen da ke bayanka."

Hannunta ya motsa a kan gwiwarta, ya ɗan taso, ya koma. Can ƙasan tudu na fara jin muryoyin mutane suna hawowa. Ita ma ta ji, amma ba ta kau da kai ba.

"Kana nan?"

Na ja jiki na matsa wajen hagunta, ƙasa kaɗan, inda likita ta ce ya fi ƙwari. Idonta ya tsaya a inda na tashi.

"Yawwa, ga ka," ta ce. "Tsaya nan. A'a, kada ka daskare. Motsa kaɗan. In kana motsi na hi ganinka."

Haka fasinjoji suka iso suka same ni, ƙato da furfura a gemu, durƙushe gefen tsohuwa ina kaɗa kai kamar ƙadangare, hawaye na bin fuskata. Wani ya tambaya ko kunama ce ta harbe ni. Ban kula shi ba, kuma ban daina ba sai da direba ya dawo ya ce kowa ya shiga mota.